Wa Ya Ƙona Gasket?

A cikin maganganun da bakanike ke faɗa wa mai mota, akwai biyu da ke sa mutum ya nemi benci ya zauna. Babbar ita ce "inji ya buga". Mai bi mata ita ce "gasket ya ƙone". Ta farko ba ta bukatar fassara, a fara lissafin kuɗin wani injin kawai. Ta biyun kuwa mutane da yawa sun biya kuɗinta, wasu har sun maimaita kafin shekara ta zagayo, ba tare da sun taɓa riƙe abin a hannu ba, balle su san ko wuta ce ta ci shi da gaske.

Abin da ake magana a kai falle ne guda, kaurinsa tsakanin milimita ɗaya da biyu, duk jikinsa huji. Injin mota gida biyu ne, an kifa ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa shi ne bulok, inda ramukan silinda suke, fistin na hawa da sauka a ciki. Na sama shi ne tof, mai ɗauke da bawul da fulogi. Abubuwa uku ke bi ta mahaɗarsu waɗanda ba a so su ga juna: wutar da ke tashi a cikin silinda, wadda zafinta kan haura digiri 2,000, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke hawa sama ya shafe ƙarafan bawul ya gangaro. Manyan hujin gasket na wuta ne, kowanne da zoben ƙarfe a bakinsa. Ƙananan na ruwa ne da na mai da na notin da ke ɗaure tof da bulok. Aikinsa ke nan: ya tsare kowa a hanyarsa.

Sunan tof ɗin kansa abin dubawa ne. Bature a Ingila da Amurka head yake ce masa, kan silinda. A garejojin Najeriya aka mayar da shi top, na sama, mu kuma da ba mu da p a baki muka ce tof, yadda muka yi wa piston da plug da pump suka dawo fistin da fulogi da famfo. Tsallaka Maraɗi ko Damagaram, sai ka tarar da bakanike Bahaushe ɗan'uwanka yana kiran wannan ƙarfe da sunan Faransanci, culasse, gasket ɗin kuma joint de culasse. A asali kalmar ta masu bindiga ce, tana nufin gindin igwa, rufaffen ƙarshen da albarushi ke tashi a ciki. Da aka ƙera inji, aka ga silinda ma bututu ce mai rufaffen ƙarshe inda wuta ke kamawa, sai aka ari sunan. Kanikawan Masar kuwa wish suke cewa, wato fuska. Ƙarfe ɗaya, wani ya ga kai, wani ya ga fuska, wani ya ga gindi. A ganina na Bafaranshe ya fi faɗin aikin, don shi ne bai manta cewa fashewa ake yi a wurin ba. A inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, wuta na tashi a ƙarƙashin tof sau 6,000 a cikin mintin nan guda.

Shi kuwa gasket daga teku ya fito. A Turancin ƙarni na 17 sunan wata 'yar igiya ce da matuƙan jiragen ruwa masu tafiya da iska ke ɗaure ƙyallen jirgi da ita in sun naɗe shi. Da injin tururi ya bayyana, ana kitsa zaren rama a cusa a mahaɗar ƙarfe don kada tururi ya tsere, sai sunan igiyar ya bi aikin a ƙarni na 19. Daga rama aka koma tagulla da asbestos, daga nan aka zo na yau. Kalmar ta iso mana ta zauna kusan yadda take, gasket ko gaskit, ba ta sha tauna irin ta ƙawayenta ba. Tsofaffin kalmomin mota, na zamanin lorin gyaɗa, da kunne aka karɓe su, ba da ido ba. Shi ya sa radiator ya zama lagireto, aka samu kafireto da fambel da salansa da birki. Mafi daɗi a cikinsu shi ne sunan mai gyaran kansa: makaniki ya shigo, kunnen Bahaushe ya ji farkon kalmar ya yi kama da na Bakano da Bakatsine, sai ga bakanike, jam'i kanikawa, sana'a kanikanci.

Tarkon farko a nan yake. Gasket ba ɗaya ba ne a jikin inji. Akwai na murfin bawul, wanda roba ce, in ya mutu mai ne ke tsatsafowa a gefen inji, canjinsa bai fi awa guda ba a yawancin motoci. Akwai na kaskon mai a ƙasa, akwai na inda salansa ke kama tof. Duk gasket ake ce musu. Wanda ke sa a nemi benci shi ne na tsakanin tof da bulok, kuma ba a kai gare shi sai an kwance rabin injin. "Gasket ɗin tof" da "gasket ɗin murfin tof" kalma ɗaya ce ta raba su a baki, amma a aljihu tazarar ba kaɗan ba ce. Don haka tambayar farko ita ce: wanne?

Tambaya ta biyu ita ce wadda ba a cika yi ba.

"Injiniya, me ya same ta?"

"Alhaji, sai haƙuri. Gasket ne ya ƙone."

A nan zancen kan tsaya, a shiga ciniki. Laifin na kalmar ne, ko aƙalla tana da kaso. Ƙone ba ta neman mai aikatawa. Tuwo ya ƙone, rumfa ta ƙone, gasket ya ƙone, shi ke nan, ƙaddara ta faɗa. 'Yar'uwarta ƙona ce ke da bin diddigi, don ba a cewa an ƙona abu ba a tambayi wa ya ƙona shi ba. Da Alhaji zai ƙara da "To me ya ƙona shi?", da ya rage wa kansa dawowa. Gama gasket ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Kashe shi ake yi, kuma yawanci ba wuta ce ke fara kai masa hannu ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Tof ɗin kusan duk ƙananan motocin da ke kan titinmu na alminiyom ne, bulok kuwa a injuna da yawa baƙin ƙarfe ne. In zafi ya taɓa su, alminiyom na buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A zafin aiki na yau da kullum an yi lissafin wannan, gasket na jurewa. Amma ranar da allurar geji ta hau ja, direba ya ce bari dai a ƙarasa Zariya, tof zai kumbura fiye da ƙima alhali noti na danne da shi. Ba shi da inda za shi sai kan gasket, sai ya murƙushe zoben ƙarfen nan. In inji ya huce, tof ya koma, zoben ba ya komawa, sau da yawa ma tof ɗin kansa ya ɗan lanƙwashe. An samu kafa ke nan. Sai a lokacin iskar wuta ke samun hanya, ta riƙa bi tana lasa har ta yi baƙin tabo. Ashe wuta ita ce ta ƙarshen zuwa, amma ita ta bar shaida, sai aka sa wa cutar sunanta. Ba mu kaɗai ba ne a wannan: Bajamushe ma cewa yake ya ƙone har ya huje. Bature kuwa blown yake cewa, wato ƙarfin iska ya ɓarke shi. Shi ya kalli matsi, mu muka kalli tabo.

In an ciro tsohon gasket, ka ce a ba ka ka riƙe a rana. Yana da labari. In ka ga baƙin layi ya ratsa zobe ya nufi hujin ruwa, zafi ne ya buɗe hanya. In siririyar gadar da ke tsakanin silinda biyu ce ta cinye, wannan ya cancanci a ce ya ƙone, kuma a duba lokacin tashin wuta da irin man da ake sha. In kuwa gefen hujin ruwa ne ya zaizaye ya yi ja, yana marmashewa a yatsa, wannan bai ƙone ba, ruɓewa ya yi, tsatsa ce ta ci shi daga ɓangaren ruwa. Sannan ka leƙa kan fistin. Duk za su yi baƙi da gawayi, sai ɗaya da zai fito fes har yana ƙyalli. Wanda ya fi tsafta shi ne mara lafiya, tururi ne ya wanke shi. Ciwo uku ke nan, murƙushewa da ƙonewa da ruɓewa, kowanne da mai laifinsa, duk mun tara su a kalma guda. A sa sabon gasket a bar lagireton da ya toshe, an bar jaki ana dukan taiki.

Sauran kalmomin da direba ke zuwa da su gareji ma haka suke, kowacce na ɗauke da abu fiye da ɗaya. "Tana shan ruwa" ita ce ta fi yawa. Ruwan mota hanya uku yake ɓacewa: ya zube ƙasa ta tiyo ko famfon ruwa ko jikin lagireto, ya fice ta murfi in ya tafasa, ko ya shige cikin inji. Na ukun ne kawai sha na gaskiya, kuma shi ne ke nuna gasket. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana kan taimaka wajen kama na farko.

"Tana tafasa" ta fi ruɗi. Da sassafe, inji da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa har wuya, a tada mota. In cikin minti ɗaya ko biyu kumfa ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ta ƙaru in an taka totur, alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba, to ba tafasa ba ce. Ruwan sanyi ba ya tafasa. Iskar da ya kamata ta fita ta salansa ce ke ɓullowa ta cikin ruwa. Ita ce kuma ke sa tiyon sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, ta kori ruwa ta robar ajiya. Akwai 'yar na'ura mai ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto don tabbatarwa: in iskar ƙonewa ta ratsa ruwan sai ya koma rawaya, a injin dizal kuma ya yi kore. Kuɗinta bai kai na buɗe inji a banza ba. A gwajin nan duka, murfin da inji mai sanyi ake buɗe shi. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, fuskarsa da hannunsa ne za su biya.

Sai "farin hayaƙi", inda harshenmu ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Hayaƙin baƙin mai, wanda ke fitowa in ringi ko robar bawul sun mutu, yana da ɗan shuɗi, amma ba wanda ke zuwa gareji ya ce motata na shuɗin hayaƙi. Fari ake cewa. Shi wannan yana daɗewa a iska, yana warin ƙonannen mai. Na gasket ba hayaƙi ba ne ma, tururi ne: fari fat, da kauri, yana watsewa da wuri, in ka tara hannu nesa kaɗan da salansa za ka ji danshi, in kuma akwai maganin lagireto a ruwan, ƙamshinsa zaƙi-zaƙi ne. Ɗan tururin da mota ke yi da asuba a Jos lokacin hunturu, ya ɗauke in inji ya ɗumama, wannan lafiya ce. Rashin raba hayaƙin nan biyu ya sa an sha yi wa mota ringi alhali gasket ne, an kuma sha yin akasin haka.

In mai ya gauraya da ruwa, kanikawa kan ce "ya yi madara", kuma duk wanda ya zaro gejin mai ya gani ya san sunan ya dace. Amma madara ba hukunci ba ce. Motar da ke da akwatin sanyaya mai, in ya huje, ita ma tana yi. Rashin madara kuma bai wanke gasket ba, don yana iya ɓarkewa tsakanin wuta da ruwa bai taɓa hanyar mai ba. Abin da ba shakka a kansa shi ne man da ya yi madara ba ya riƙe metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyi a kansu, kuma daga nan zuwa "inji ya buga" tafiyar ba nisa. Haka in mota na misin da safe na ɗan lokaci sannan ta saki, mai yiwuwa ruwa ne ke kwana a silinda. In ya taru da yawa, fistin ba ya iya matse shi, sai sandarsa ta lanƙwashe tun a bugun farko na kik. A ciro fulogi duka a jera, a auna matsin kowace silinda. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare sun nuna gadar da ke tsakaninsu.

Kalmar da na fi zargi a duk wannan harka ita ce mafi sauƙi: ruwa. Tunda sunansa ruwa, to kowane ruwa ruwa ne, na rijiya, na burtsatse, na leda, na kududdufin gefen hanya in ta ɓaci. Abin da masu ƙera mota ke nufi kuwa gauraye ne, rabi tataccen ruwa, rabi sinadarin ethylene glycol da magungunan tsatsa. Sunansa na Turanci ya cuce shi a ƙasarmu. An rubuta antifreeze a jikin galan, maganin daskarewa, sai mutumin Sakkwato da ke fama da zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu ya ce ina ruwansa da ƙanƙara. Gaskiya ne gaurayen ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma wannan ba damuwarmu ba ce. Amma shi ne ke hana tsatsa cin bulok da gefen gasket da fukafukan famfon ruwa, yana kuma ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 107. Ruwan burtsatse kuwa gishirinsa yake bari a cikin siraran bututun lagireto, shekara biyu uku su toshe, mai mota na ganin lagireto cike taf yana mamakin zafi. A kula kuma, kore ko ja ba shaida ba ne, rini ne kawai, kuma ana sayar da ruwan rini a galan da sunan magani. Na gasken guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da awaki.

Murfin lagireto ma sunansa ya rage masa daraja. Murfi dai a wurinmu abin rufewa ne, in ya ɓace a ɗaure da leda ko a samo na wata mota. Amma dubi samansa, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan ma'aunin matsin da yake riƙewa ne, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ba tare da shi ba, ruwa zalla a 100 yake tafasa a bakin teku, a tudun Jos mai tsayin mita 1,200 kuwa tun wajen 96. Motar da ta ɗauko fasinja da kaya ta kama Hawan Kibo da mataccen murfi, ba ta da ratar da za ta jure.

Tamostat shi ne wanda aka yi wa mummunan laƙabi: "na ƙasar sanyi ne". Da wannan magana ake cire shi a jefar tun mota na sabuwar shigowa, a kuma haɗa fanka dairek ta riƙa juyi daga kunna makulli. Alhali ƙofa ce da ke buɗewa a wajen digiri 82 a yawancin motocin Japan, ta bar inji ya ɗumama da wuri sannan ta tsare shi a zafin da aka ƙera shi a kai. In babu shi, inji na shan mai fiye da ƙima da safe. A wasu injunan ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi lagireto ba, in an cire shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa yanke. Tamostat na iya maƙalewa a rufe ya dafa inji, wannan gaskiya ne, kuma yana cikin masu ƙona gasket. Maganinsa sabo, ba rami ba.

In aka tabbatar sai an buɗe, sai a shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda wasu sunayen ke jira. Mai shago zai tambaya: na takarda ko na ƙarfe? Na takarda ba takarda ba ce, ƙarfe ne a tsakiya aka lulluɓe da abu mai laushi, a da asbestos, yanzu galibi garafait. Tarayyar Turai ta haramta asbestos gaba ɗaya a 2005 saboda ƙurarsa na jawo cutar huhu da daji, don haka yaron da aka sa kankare tsohon gasket na tsohuwar mota ya jiƙa shi tukuna, kada ya hure da baki. Na ƙarfe falle-falle ne na bakin ƙarfe mara tsatsa, biyu zuwa biyar, an shafe da siririyar roba, kuma shi ne ya mamaye sababbin injuna tun shekarun 1990. Kanikawa da yawa sun fi son na takarda, suna cewa ya fi haƙuri. Abin da suke nufi shi ne yana cike 'yar lanƙwasar da na ƙarfe ba zai yafe ba. Haƙurin nan na 'yan watanni ne a injin da aka ƙera don na ƙarfe.

A kusan kowane kayan mota, "Beljiyam" yabo ne. Sunan ya samo asali daga cinikin tsofaffin motoci da ke tashi daga unguwar Heyvaert a Brussels, su bi tashar Antwerp su sauka Kwatano, har ya zama sunan duk kayan gwanjon da suka yi aiki a Turai, waɗanda mutane suka fi yarda da su a kan sabon jabu. Gasket ɗin tof kuwa wannan yabo bai shafe shi ba. Sau ɗaya ake matse shi. Wanda aka ɓamɓaro daga wani inji ya gama aikinsa, ko daga ina ya zo. A nan gasket na gaske sabo ne a cikin ledarsa, mai lambar injin. A injin dizal na Peugeot da Volkswagen ma akwai ƙarin lura: gasket ɗinsu kauri-kauri ne, ana gane su da yawan huji ko tsaga a gefe, kuma gwargwadon yadda fistin ke leƙowa saman bulok ake zaɓa. Gam kuwa, wanda ake laftawa don samun kwanciyar hankali, ba shi da gurbi a kan gasket na ƙarfe. Abin da ya matso ciki yana tafiya ya toshe hanyar ruwa ko ta mai.

Sai garandin, wato kai tof a share fuskarsa a inji ta dawo daidai. Ana yinsa kamar farilla, wasu kuma ba sa yi sam, alhali awo ne ke yanke hukunci. A injunan Toyota da yawa, lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, rabin kaurin takardar rubutu. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ba ya ji. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a karkace, a zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A duba tsagewa kuma, musamman tsakanin mazaunin bawul, don fasasshen tof yana nuna duk alamun da gasket ke nunawa, kuma sabon gasket ba ya ɗinke shi. Tof ɗin da aka share har ya wuce iyaka matsinsa ƙaruwa yake, shi ne za ka ji an ce a ruɓanya gasket biyu. Wannan ba gyara ba ne, jinkirta sayen tof ne.

Akwai abin lura a akwatin kayan aiki. Sufana, soket, filaya, jak, guduma, duk suna da suna a bakin kowane yaron gareji. Sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri kuwa ba kasafai ake jin sunanta ba, don ba kasafai ake ganinta ba. A madadinta akwai "ɗaure shi tamau", da dogon bututu da ake zura wa hannun soket. Notin tof ba a ɗaure shi haka. Ana farawa daga tsakiya a yi waje, zagaye-zagaye, mataki biyu ko uku, da adadin da littafin injin ya faɗa, a yawancin sababbi kuma a ƙare da juyi na kwana, misali digiri 90. Irin waɗannan noti miƙewa suke yi da gangan, shi ya sa ake auna su ko a canja su. Kwancewa kuma daga waje ake farowa, inji da sanyi. Ramin noti in da ruwa ko mai a ciki, ɗaurin ƙarya zai bayar, yana ma iya tsaga bulok.

Kowane inji da halinsa a nan. Tsofaffin kanikawan da suka girma da Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975, sun san silindarta silib ne da ake zarewa, ruwa na zagaye da shi. In an sauke tof aka juya inji ba a danne silib ba, ya motsa daga mazauninsa, ruwa zai gangara cikin mai ta ƙasa ko da an sa gasket mafi kyau. Camry mai inji 2.4 ta 2002 zuwa 2006 kuma an san ta da wani ciwon: zaren ramin noti a bulok ɗinta na alminiyom kan zame, musamman na baya, sai tof ya saki. A can ma "gasket ya ƙone" za a ce, a sa sabo, ya sake tafiya, har sai an gyara zaren. Bayan an haɗa, saura juye man da ya gurɓata da canja filta, fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, da tsayawa a ga fanka ta kama da kanta ta kuma saki.

Ga wanda kuɗin wannan duka ya fi ƙarfinsa, kasuwa na da kwalabe da ake kira maganin gasket, ƙannen su ƙwai da garin rogo da ake zubawa a lagireto mai yoyo. Da yawansu sodium silicate ne a ciki, ruwan gilas, wanda ke daskarewa in ya taɓa wuri mai tsananin zafi. A ƙaramar kafa tsakanin wuta da ruwa yana iya saya wa mutum 'yan makonni, a kan haɗarin toshe lagireto. In kuwa mai ya riga ya yi madara, hanyar ruwa da ta mai sun haɗe, abin da aka zuba a lagireto zai iske metal. A 2009 gwamnatin Amurka ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci masu shan mai, kusan 700,000, ta ba masu su rangwamen sayen sababbi. Don kada injunan su dawo kasuwa, doka ta sa dillalai su juye baƙin mai, su zuba wannan sinadarin a madadinsa, su tada mota su bar ta tana juyi. Cikin 'yan mintoci injin ke ƙamewa, ba ya sake tashi.